Bugun Zuciyar Dogo

Koci ya tura tabarau goshi, ya murza idanunsa da suka gaji, ya sake duban kwamfutar. Layi biyu ne a kai: ja na bugun zuciya, shuɗi na ƙarfin da ƙafa ke zubawa a kan fedar keke.

Tun da Dogo, ɗan tseren keken da yake horarwa, ya faɗi a gangara aka yi masa aiki a gwiwa, bai sake leƙo wurin atisaye ba. Ƙungiyar tseren ta kai masa keken ɗaki da ɗamarar ƙirji mai auna bugun zuciya, bisa sharaɗi ɗaya: muddin alƙaluma na shigowa, sunansa na nan cikin 'yan wasa.

Na farko-farko sun ba Koci tausayi. Ƙarfin, ko ɗan firamare ya fi shi, zuciyar kuwa ta haye sama kamar an biyo mutum da adda. Kafin a je ko'ina layin ya mutu. Yaron da ke cinye tudu yana dariya! Koci ya ce a ransa, ciwo ba ya barin kowa da kyansa.

Amma alƙaluman ba su fasa zuwa ba, kullum da hantsi. Wani lokaci a tsakiyar atisaye sai komai ya tsaya na ɗan lokaci, kamar an sauka an duba wani abu, sannan a ci gaba. Sannu a hankali shuɗin layin ya fara ɗagawa, jan kuma ya kwanta. Da can, in aka yi rabin awa, zuciyar sai ta yi ta hauhawa alhali ƙarfin bai ƙaru ba. Yanzu awa guda cur layukan na tafiya kafaɗa da kafaɗa, alamar jiki ya fara koyon juriya. Abu ɗaya ne ya tsaya wa Koci a rai: komai wuya, bugun ba ya kai ƙololuwar da ya sani ta matashi. Ya ɗora laifin a kan magunguna.

In ya buga waya, mahaifiyar Dogo ce ke ɗauka, tana haki.

"Yana hutawa, Koci. Jiki da sauƙi."

Manajan ƙungiya kuwa ya ishe shi da mita. "Da wannan ƙarfin zai yi mana tsere? Ko talla ba zai kai ba."

"Ba ƙarfin nake dubawa ba, ranka ya daɗe. Mai irin wannan naci ba a yar da shi."

Da ƙyar ya samo masa ƙarin wa'adi. Bai jira komai ba, da hantsin nan ya ɗauki babur, don ya kai albishir da bakinsa.

Ya daɗe yana sallama kafin uwar ta buɗe. Ta rame fiye da yadda ya santa, gumi ya jiƙa mayafinta, tana taka ƙafa a hankali kamar mai tsoron ƙasa.

"Ikon Allah, Koci, ba ko sanarwa? Bismillah. Bari in kawo ruwa."

Keken na cikin lungun falo, gumi ya ɗiga ƙarƙashinsa bai bushe ba. An sauke sirdin ƙasa sosai. Gwiwa ce, in ji Koci a ransa.

Dogo na kwance a ɗaki, labule a sake, ba riga a jikinsa. Ya yi tumbi. Ƙafar na kan matashi, ta shanye kamar kara.

"Jarumi! An ƙara maka lokaci. Atisayenka na yau ya fi na kullum."

Dogo ya dube shi da jajayen idanu, bai ko motsa ba. "Wane atisaye, Koci? Ni fa na bar keke."

Koci ya waiwaya falo. Ƙaramin allon da ke kan keken na kunne har yanzu, yana karɓar saƙo daga ɗamarar: ɗari da goma, ɗari da ashirin, ɗari da talatin. Ya sake duban ƙirjin Dogo. Babu komai a kai.

A bakin ƙofa uwar na tsaye da kofin ruwa a hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma ta danne ɗamarar da ke ƙarƙashin rigarta.

"Don Allah, Koci," ta ce a hankali, "kada ka cire sunansa. Zan ci gaba da tuƙawa har ya tashi."