Cokali Biyu Safe da Yamma

Ɗauke mini wannan ɗan littafin daga kan teburina, Isiyaku, kafin raina ya ƙara ɓaci. Kai da gemunka da iyalinka, ka tsallake littattafan da muka ce ku karanta, ka je bakin ƙofar makaranta wurin mai fotokwafi ka sayo abin da bai kai kaurin waina ba, har kana da bakin tambayata ko ya ishe ka shiga jarrabawar zama ma'aikacin ɗakin magani. Dubi bangonsa. Babu sunan wanda ya rubuta, babu shekarar da aka buga, sai wai tambayoyin baya da amsoshinsu. Ka ce babban littafin barci yake sa ka. To zauna in ba ka wani misali, in na gama ka yi barcin idan ka iya.

An yi wani ɗalibi mai kaifin hadda, irinka. Da jarrabawa ta matso sai aka ajiye masa littattafai biyu. Ɗaya mai kauri ne, yana koyar da yadda ake duba nauyin yaro, a duba ƙarfin maganin da ke cikin kwalba, sannan a lissafa abin da zai shiga cokali. Ɗayan siriri ne, tambaya ce kawai da amsa a gabanta. Ya ɗaga wannan ya ji nauyi, ya ɗaga wancan ya ji sakayau, shi ke nan ya gama zaɓe. Mai kaurin ya zama abin tokare ƙofa. A cikin siririn akwai tambaya kan wani ruwan magani na yara, amsarta cokali biyu safe da yamma. Ya haddace ta kamar waƙa, bai taɓa tambayar kansa ko wane yaro ne, ko wace kwalba ce ba. Abin da ya fi ƙona mini rai kuwa, ya ci jarrabawar. Tambayar ta fito yadda take, ya zuba amsa, aka yi walima, aka rataye takardar shaida a bango, aka ba shi aiki a ƙaramin asibitin garinsu.

Wata rana ƙanwarsa, uwa ɗaya uba ɗaya, ta shigo goye da ɗanta na fari, riƙe da takardar likita. Likita bai yi kuskure ba, ya rubuta daidai abin da jikin jaririn zai ɗauka. Abin da ya rage aikin mai ɗakin magani ne, ya karanta jikin kwalba ya mayar da rubutun likita zuwa awon da uwa za ta gane. Shi kuwa yana ganin sunan maganin sai ya washe baki kamar ya haɗu da tsohon aboki. Ta ce, "Yaya, nawa zan riƙa ba shi?" Ya ce, "Cokali biyu safe da yamma. Wannan ai ko daga barci aka tashe ni na san shi." Yaron da ke cikin ɗan littafin nan ɗan makaranta ne mai gudu da ƙafarsa, wannan kuwa ko rarrafe bai fara ba. Kwalbar da ke kan kantarsa ma ta maganin da ya fi ƙarfi ce, an rubuta ɓaro-ɓaro a jikinta, amma wa ya koya masa dubawa? Ita kuma wace ce da za ta yi musu da yayanta sanye da farar riga? Ta koma gida ta yi yadda aka ce, har tana murna yaro ya samu barci. Kafin kwalbar ta kai rabi, ya yi barcin da ba a tashi.

Ba ta kai shi ƙara ba. Da ya je ta'aziyya ta ce masa kwana ne ya ƙare, ta kawar da kai. Takardar shaidar tana nan a bango har yau, amma mai ita bai ƙara taɓa kwalbar magani ba. Ya ajiye aikin da kansa, kuma ko da salla ba ya iya bin layin gidan ƙanwar tasa. Wanda ya harhaɗa ɗan littafin kuwa bai ma san an yi ba, yana can yana buga wasu, Allah ya isa tsakaninmu da shi.

Kada ka sunkuyar mini da kai, Isiyaku, dube ni. Ban damu da ka faɗi jarrabawa ba, wanda ya faɗi ai yana sakewa. Tsorona ka ci da wannan. Je ka nemo littafin da marubucinsa bai ji kunyar sa sunansa ba, sabon bugu wanda ya bi manhajar bana, wanda zai kama hannunka ya nuna maka yadda aka kai ga amsa. In ka gama da shi, sai ka gwada kanka da tambayoyin baya, ban hana ka ba. Ranar da ka tsaya bayan kantar ɗakin magani, ba mai tambayarka maki nawa ka ci. Mace ce za ta miƙo maka takarda da yaro a bayanta, kuma duk abin da ka ce shi za ta zuba masa a baki. Hausawa ba su faɗa a banza ba da suka ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne.