Tulu Mai Koriyar Ɗamara

Tun da likita ya hana ta nutso mai zurfi, ta san yau a bakin kwalekwale za su rabu da mijinta, bayan shekaru suna sauka ƙarƙashin ruwa tare.

"Bi abokanka, tsoho," ta ce, idonta a kan tekun Queensland. "Mataccen jirginka na can ƙasa yana jiranka."

Sai ga shi ya jawo tulun iskar nutso mai koriyar ɗamara, cike da iskar nan mai ƙarin oksijin da ya sha kira iskar ragwaye, don ba a zurfi da ita.

"Da wannan ai ba za ka kai can ba."

"Na sani. Amma da shi mutum yakan daɗe a ruwa." Ya gyara mata igiyar tabaraun nutso. "Ke a tunaninki, tsohuwa, jirgi nake zuwa kallo?"