Kwanon Yaya Dije

Tun da aka hana tsofaffin kwanuka aka raba na gwamnati, kwanuka masu kai rahoto da kansu da zarar sun ƙetare ƙofa, ba mai aika wa maƙwabci tuwo. Gidan da kwano ya shiga, ai yana da mai ciyar da shi, sai a yanke masa tallafin hatsi.

Farfesa Talatu ta ƙarar da ƙuruciyarta tana binciken al'adar aika kwano, don hukuma ta ga yadda talakawa ke riƙe juna. Ɗalibinta Sa'idu, shugaban hukumar yanzu, ya karanta littafinta da kyau.

Ran Laraba Talatu ta kai wa yayarta marar lafiya fate.

Yaya Dije ta tare ƙofa da sanda. "Tsaya nan, 'yar boko."

"Yaya, tun jiya ba ki ci komai ba."

"In ya shigo, wata guda zan yi ba tallafi."

Talatu ta kira Sa'idu a waya, ta tambaye shi inda suka samo wannan doka.

"Ranki ya daɗe, ai daga babinki na huɗu ne," ya ce cikin ladabi. "Har sunanki muka sa wa dokar."

Ta zauna a dakali daga waje, kwanon a cinyarta, tana miƙa wa yayarta cokali ɗaya-ɗaya.