Carbi Mai Kunne

Tun da Jagora ya raba wa mabiyansa carbi mai kunne, babu mai roƙon Allah yadda ya zo masa a zuciya. Addu'o'i arba'in ya tsara. Kana kauce musu carbin zai yi ja, washegari babu mai amsa sallamarka.

Da hantsi Sallau ya leƙa ɗakin mahaifiyarsa, inda 'yarsa Hajo ta kwana uku da zazzaɓi. Ya tarar da tsohuwar tana shafa kan yarinyar tana cewa, "Ya Allah, ka ga ko kunu ta ƙi sha. Ka taimake ni mana."

Carbin wuyansa ya yi jawur.

"Inna, za su ji fa."

"Su ji. Ba da su nake ba."

Ya bi arba'in ɗin a ransa, babu Hajo ko a ɗaya. Ya cire carbin ya cusa cikin buhun gero, ya durƙusa ya ɗaga hannu.

"Inna, na manta yadda ake yi."

Ta riƙo hannunsa. "Fara da sunanta."