Igiyar da Aka Bar wa Ɓarawo

Ɗayyabu, ka ce ka gaji, duk dabarar da ka ɓullo da ita ɓarayi sun riga ka. To, gyara zama in ba ka misali.

Akwai wata mata mai kiwon raguna a wani garke bayan gari. Rabin ragunan ba nata ba ne, amanar matan unguwa ce, kowace ta kawo nata a kiwata mata kafin Layya. Ta sa kyamara a bakin garken, aka ja igiyar waya tun daga can har cikin ɗakinta, tana kallo a talabijin. To amma igiya a fili take, ko makaho ya lalubo ta. Ranar Juma'a, maza na tafiya masallaci, sai wani ya datse ta a tsakiyar gonaki, hoto ya ɗauke, kafin a je rago ya yi ɓatan dabo. A ɗinke, a sake datsewa. Tun matan na cewa Allah ya mayar da alheri, har aka fara ƙus-ƙus wai ita ke yankewa da kanta tana sayar da ragunan. Wallahi wannan magana ta fi satar ci mata rai, ko gidan suna ta daina shiga. Sai ta kira mai gyara ta ce ya nemo mata hanyar da ba ruwanta da igiya. Ya ce akwai mai aiki da layin waya, amma garken a kwari yake, ba a samun sabis sai an hau tudu. Akwai kuma wasu 'yan faranti biyu, ɗaya a kan dogon ƙarfe a garke yana cin wutar sola, ɗaya a kan rufin gidanta, su fuskanci juna, hoto ya bi iska. Sharaɗinsu ɗaya, kada komai ya shiga tsakani. Ta zaɓi farantan, aka kafa su. Reshen darbejiya guda da ya tare tsakani aka sare, hoto ya fito tar. Da ya tashi naɗe tsohuwar igiyar sai ta ce, "A'a, ɗana, bar ta. Akwai mai aiki da ita, kada mu hana shi."

Juma'a ta zagayo. Gogan naka ya bi ta gonaki ya datse igiya kamar yadda ya saba, ya shigo garke hankali kwance. Ya ga faranti a sama, ya ɗauka fitila ce. Zafi ya dame shi, ya kwance rawanin da ya rufe fuska da shi, har ya ɗaga kai ya yi wa kyamara gwalo. Ashe mai kawo mata dusa ne, wanda kullum shi ke fara zuwa jaje! Ita kuwa tana zaune a ɗaki, ga matan unguwa sun cika tabarma, don tun hantsi ta aika su zo shan fura. Wadda ta fi kowa ƙus-ƙus ita ta fara salati, don ragonta ne ake ja da ƙaho. Aka buga wa 'yan sintiri, ana sallame salla suka tare hanya, suka tarar da shi yana gumi, rago ya ƙi shiga adaidaita sahun da ya ajiye a bakin hanya. Mai kiwon kuwa ko guɗa ba ta yi ba. Ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, hawaye na zuba, ta ce Alhamdu lillahi. Mai ragon ta matso ta dafa gwiwarta ta ce, "Yaya, ki yafe mana." Ranar ce mai kiwon ta fara cin abinci ya zauna mata.

Saboda haka kada ka karaya, Ɗayyabu. Ɓarawo hanyar jiya ya haddace, kai sai ka sauya ta yau ka bar masa ta jiyan. Ai Hausawa sun gama magana da suka ce, rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.