Fura Mai Gudaji

"Wagga fura ce ko tsakuwa?" Inna ta daka mini tsawa.

Wata bakwai ke nan da ɓarin jikinta ya shanye, hannunta na dama ya dunƙule. Mutanen garinmu Gwashi sun ce iska ce, a bar wa Allah. Na ƙi. A asibiti an ce ta riƙa motsa hannun kullum, amma ita ta ƙi gwadawa.

Na ci gaba da damu, ina barin gudaji.

"Kawo nan, shashasha!"

Ta fizge ludayin ta juya sau biyu, sai ta tsaya tana kallon hannun da ya riƙe shi: na daman ne.

"Ja'ira! Da gangan kike ɓata ta!" Ta fashe da dariya.

"Kwana arba'in ke nan ina yi, Inna. Ni ma na gaji da shan ta."