Manomin da Ya Je Duba Tsingaro

Ranar da Lawwali ya karɓi kuɗin sallamarsa bayan shekara talatin da biyar yana koyarwa, bai zame ko'ina ba sai zauren Malam Barau, wanda ya koya masa aikin lantarki tun yana saurayi. Ya shimfiɗa masa jarida, ya ce, "Malam, kamfanonin da ke ƙera ƙwaƙwalwar waya da kwamfuta ne ke takara. Wannan ya fito da taransisto, wato ɗan mitsitsin makunnin lantarki, da ya fi na kowa sauri. Hannun jarinsa nake son saya da kuɗin nan gaba ɗaya."

Malam Barau ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallon hoton da ke jaridar. Ya ce, "Kai, mutanen nan sun isa a sara musu. Makunnin da a zamaninmu nake riƙewa da yatsu biyu, yau sun jera dubun dubatarsa a fili kamar farce. Amma zauna, in ba ka wani misali."

Ya ce, a wani gari an yi maginan tulu biyu, mata, ɗaya a gabashin gari, ɗaya a yamma, kowace gwana ce. Ka san tulu, iya sirantar jikinsa iya saurin sanyaya ruwa. To shekara da shekaru suna ja-in-ja a kan wannan. Wannan ta sirance, waccan ta ƙara sirancewa, har ta kai ranar kasuwa ana zuba ruwa a tulunansu a ajiye a inuwa, dattawa su zo su kurɓa su yanke hukunci. Garin kuwa ya ci ribar rigimar, don babu inda ake shan ruwan sanyi irin nasu. A wata kaka ta gabas ta kawo tulu kamar ɓawon ƙwai, ruwansa har haƙori yake kamawa. Kasuwa ta ɗauki sowa, maroƙa suka yi ta wasa ta. Al'adar garin, mai hali yakan saya wa maginiya yumɓu da kara da itacen ƙonawa, in an kwashe a raba tuluna biyu da shi. Nan take wani falke ya zube kuɗinsa gaban ta gabas, ko gida bai koma ya yi shawara ba.

Akwai wani manomi da ya sayar da san nomansa bayan girbi, yana son ya juya kuɗin ya mai da sa kafin ruwa ya sauka. In bai samu ba, gonarsa sai dai fartanya, ga shi ƙarfi ya fara ja baya. Shi ma ya kurɓi ruwan, ya yaba har zuci, amma bai kwance lalitarsa ba. Ya tambayi ranar da ake ƙonawa, ya yi sammako ya je lokacin da ake yaye toka. A wurin ta gabas, cikin tulu ashirin uku ne suka fito da rai, su ne ake kaiwa kasuwa a yi musu guɗa. Sauran suna bayan danga, tsingaro ya yi tudu har awaki na hawa. A wurin ta yamma ya ƙwanƙwasa ɗaya bayan ɗaya, sha bakwai suka amsa da ƙara mai daɗi. Nata bai kai na gabas sanyi ba, amma bambancin sai mai tsinin harshe. Ya ga wasu biyu a gefe, sun fi sauran siranta, ɗaya ya tsage. Ta ce masa kowace ƙonawa takan sa biyu irin na abokiyar takararta, don hannunta ya koya ba tare da ta ƙona abincin gidanta ba. A nan ya kwance lalita.

Da bazara ta kankama, zafi ya hana kowa sakat, masu saye suka yi ta zuwa daga ƙauyuka da jakuna, kowa na neman goma, ashirin. Ta gabas ba ta da abin ba su sai suna, ciniki duk ya koma wurin ta yamma. Falke ya tashi da tulu tara masu ban sha'awa da tarin tsingaro, ya rasa wanda zai kai wa ƙara, tunda ba wanda ya yi masa ƙarya. Manomi kuwa ranar da aka yi ruwan shuka yana bayan sansa, har da ɗan maraƙi ɗaure a gindin tsamiya.

Malam Barau ya tura masa jaridar. Ya ce, "Kada ka raina ta gabas, ita ta nuna wa kowa iyakar inda yumɓu zai kai, wataƙila ma wata rana ta gano kan wutarta. Su ma waɗannan kamfanonin a faranti ɗaya suke ƙera ɗaruruwan ƙwaƙwalwar nan, kuma ba duka ke fita da rai ba. Jarida ta nuna maka ukun da aka kai kasuwa. Kai kuma kuɗin nan shi ne san nomanka, ba ka da wani a turke. Je ka bincika nawa ke fita lafiya cikin ashirin, wa ke iya cika jakunan masu saye, sannan ka dawo mu yi magana."

Lawwali ya naɗe jaridar ya sa a aljihu, ya ce, "Wallahi Malam, ni sowar kasuwa na ji na taho."

Malam ya yi dariya ya ce, "Ai shi ya sa Hausawa suka ce, ba girin-girin ba, ta yi mai."